Filin Goggo Asabe: Idan Allura ta Tono Garma

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako. Masu su ba su san juna ba, amma malam-buɗe-littafi guda ne ya hana su barci.

Malamina ya aike ni neman abin da ban sani ba

Assalamu alaikum Goggo. Ina digiri na biyu a fannin adabin Hausa. Na kai wa malamin da ke duba kundina batun da nake so, wato tsarin labari a ƙagaggun littattafanmu na farko, sai ya ce an gaji da ra'o'in da kowa ke tauna, in je in nemo ra'in hargitsi in ɗora aikin a kai. Goggo, ni da lissafi ko a sakandare da ƙyar na sha. Na buɗe littafi ɗaya na ga alamomin da ban san gabansu ba balle bayansu. Wata ƙawata ta ce kada in damu, in cika babi na biyu da sunayen Turawa da kalmomi masu nauyi, babu mai tambaya. Wata huɗu ke nan ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuma kunyar komawa ofishinsa nake ji. In canza batu, ko in bi shawarar ƙawata?

'Yarki mai neman mafita, Zariya

Wa'alaikumussalam 'yata. Kada ki canza batu, kada kuma ki bi ƙawarki. Ranar kare kundi ba za ta zauna kusa da ke ba, kuma mai jarrabawa na waje, in ya san abin, tambaya ɗaya ta ishe shi ya kwance miki zani a kasuwa: "Malama, mene ne yake hargitsewa a littafin nan, kuma da me kika gane?" An taɓa yin irin wannan tonon silili a idon duniya. A 1996 wani malamin kimiyya a Jami'ar New York, Alan Sokal, ya tara manyan kalmomin kimiyya ya jera su ba kai ba gindi, da gangan, ya aika wa mujallar nazarin al'adu mai suna Social Text. Suka buga. Sai ya fito ya ce shirme ya rubuta don ya gwada su. Da shekara ta zagayo, shi da Jean Bricmont suka fitar da littafi sukutum suna bin wasu mashahuran masanan Faransa layi-layi, suna nuna inda suka ari kalmar lissafi ba su san abin da take nufi ba. Ra'in da aka aike ki nema yana cikin waɗanda aka yi wa wannan aron.

Abin da kike bukata daga lissafin bai kai tsoron da kike yi masa ba. Wajen 1961 wani masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, Edward Lorenz, yana gwajin hasashen yanayi da kwamfuta. Ya so ya maimaita wani gwaji daga tsakiya, sai ya kwafi lamba daga takardar da injin ya buga masa: 0.506. A cikin injin kuwa lambar 0.506127 ce, takardar ce ta yanke mata wutsiya don tsimin wuri. Ya tafi shan kofi. Da ya dawo ya ga sabon sakamako ya fara tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohon, can sai 'yar rata ta bayyana, ratar ta yi ta ninka kanta, har yanayin da injin ya hasaso na wata biyu gaba ya zama ba shi da wata alaƙa da na farko. Ya zaci injin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Dokokin lissafin ba su sauya ba, kuma babu caca a ciki. Ya buga bincikensa a 1963, a 1972 kuma ya gabatar da laccar da take tambaya ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Barazil zai iya tayar da guguwa a Texas. Dalilin ke nan da hasashen yanayi na dalla-dalla ba ya wuce kimanin mako biyu, komai ƙarfin kwamfuta.

In kina son ganin abin da idonki, ki tsaya wurin mai alewa ki kalli hannunsa. Yakan rataya curin a ƙusa, ya ja shi ya yi tsawo, ya ninke, ya sake ratayawa, ya ja, ya ninke. Ki sa ido kan ƙwayar riɗi biyu da ke manne da juna tun farko. Ja na farko ya raba su da faɗin yatsa, na gaba ya ninka ratar, kafin ki ankara babu mai iya ce miki ina wannan take ina waccan ta nufa. Duk da haka ba wadda ta fita daga curin, kuma mai alewa abu ɗaya yake yi tun da ya fara. Masana lissafin ma da ja da ninki suke kwatanta hargitsi.

Abin da yawancin masu aron ra'in nan ke tsallakewa shi ne, ba ƙwayar riɗin ce ta yi tafiyar ba, jan ne ya kai ta. Malam-buɗe-littafi ba shi da wani ƙarfi. Iska ce take da halin da ke mayar da ƙaramin bambanci babba. A tsarin da ba shi da wannan hali, ƙaramin bambanci mutuwa yake yi nan take. Saboda haka tambayar da za ki yi wa littafi ba "wane ƙaramin abu ne ya jawo komai" ba ce, wannan ko ɗan aji uku zai nuna miki. Tambayar ita ce, wace irin duniya marubucin ya gina da har ƙaramin abu ke girma a cikinta?

Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Uwa ta bar ɗanta a hannun amana ta tafi ganin iyayenta, abin da dubban mata ke yi kullum su dawo su tarar da 'ya'yansu suna wasa. A wannan littafin an sace yaron, ya bi hannu-hannu har ya tsallake Sahara tare da Balarabe Abdulkarim, uwar ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Me ya ja ratar? Zamani ne da mutum haja ne, akwai mai sata, akwai kasuwa, akwai ayarin da ke jiran kaya. Kowane mataki yana da dalilinsa, amma wanda ke tsaye a shafin farko ba zai iya hango na ƙarshe ba. Ga babi guda nan, kuma babu alamar lissafi ko ɗaya a ciki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa wani ɓangaren zai nuna miki. Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna haɗuwa, wannan ya yi wa wancan, wancan ya rama, a rabu, a sake haɗuwa a wani gari. Ba su taɓa maimaita dabara ɗaya ba, ba su kuma taɓa fita daga da'irar ramuwa ba. Hoton da lissafin Lorenz ya zana haka yake: layi yana kewaya wurare biyu ba iyaka, bai taɓa taka sawunsa na baya ba, bai kuma taɓa ɓallewa ya bar filin ba.

Sai dai akwai iyakar da dole ki faɗa da bakinki tun a babi na ɗaya, kafin a faɗa miki. Littafi ba yanayi ba ne. Lorenz ya iya kunna injinsa sau biyu ya kwatanta. Ke ba za ki iya sake kunna Shaihu Umar da uwa ta fasa tafiya ki ga abin da zai faru ba. Abin da aka buga an buga. Don haka aro kike yi na tabarau, ba hujjar lissafi kike kafawa ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. N. Katherine Hayles, wadda ta yi digiri biyu a kimiyyar sinadarai kafin ta koma adabi, ba ta ce lissafi ya bayyana littattafai ba a Chaos Bound na 1990. Abin da ta bi shi ne yadda masana kimiyya da marubuta na zamani ɗaya suka fara kallon hargitsi da sabon ido. Ki neme shi. Ki nemi na Jo Alyson Parker na 2007, wanda ya ɗora ra'in kan Sterne da Proust da Woolf da Faulkner, shi ne ya fi kusa da abin da kike son yi.

Masu ƙirga na gaske suna nan. A 2016 wasu masana kimiyya a Krakow ta Folan sun auna tsawon jimloli a littattafai sama da ɗari, suka ga a wasunsu, musamman Finnegans Wake na James Joyce, hawa da saukar tsawon yana maimaita siffarsa a ƙanana da manyan ma'aunai. Aiki ne mai kyau, amma tsawon jimla suka auna, ba zubin labari ba, kuma irinsa na bukatar littafi mai dubban jimloli. Littattafanmu na farko, na gasar rubutu ta 1933, sirara ne. Ki bar wannan hanya.

Da ni ce ke, wurin da zan fi zura ido shi ne tatsuniya, don ita kaɗai ce ake sake kunnawa. Tatsuniya ɗaya ta Gizo a bakin tsohuwar Katsina da ta Damagaram mafarinta ɗaya, dokokinta ɗaya, Gizo mai wayo da haɗama ne a ko'ina, amma sauyin abu kaɗan a tsakiya kan kai su ƙarshe daban. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913. Ki ɗauko guda daga ciki, ki naɗi yadda ake ba da ita yau a wurare daban-daban, ki bi inda suka rabu, ki ga kuma abin da ya ƙi canzawa duk da rabuwar.

Ki rubuta shafi biyu ki kai wa malaminki cikin makon nan. Ki kuma tambaye shi, cikin ladabi, wane littafi yake so ki fara da shi. Amsar za ta nuna miki ko ya yi nisa a ra'in ko a taro ya ji shi, kuma ko wanne ne gara ki sani tun yanzu.

Labarina ya fi ƙarfina

Goggo barka da aiki. Ina rubuta littafi ina sakewa shafi-shafi a zauren WhatsApp, masu karatu suna biya. Na fara da labarin kishiyoyi biyu, yanzu na wuce shafi 90, akwai tagwayen da aka raba tun suna jarirai, akwai hatsarin mota biyu, miji ya manta kowa, ga aljani ya shigo. Masu karatu sun fara cewa na rikice, wasu sun fita. Yayana ya ce in rabu da su, wai abin da nake yi shi Turawa ke kira ra'in hargitsi, rayuwa ma haka take, ba a san gobe ba. Gaskiya ne? Ko in faɗa musu haka?

Ƙanwarki marubuciya, Kano

Ƙanwata, yayanki yana sonki, shi ya sa ya yi miki ƙarya mai daɗi. Kada ki faɗa musu, sauran ma za su fita.

Abin da ya kira ba ya nufin komai na iya faruwa. A lissafin Lorenz babu abin da ke faɗowa daga sama. Duk abin mamakin da ya fito, daga dokokin da aka zuba tun farko ya fito. Tagwayenki da aljaninki daga sama suka faɗo. Na san kuma yadda aka yi: dare ya yi, an saba da shafi kullum, masu sharhi suna kiran a ƙara zafi, ke kuma kin rasa abin da kishiyoyin za su ce wa juna, sai kika aika mota ta buge wani.

Ba hatsari ne laifi ba. Dubi yadda Chinua Achebe ya yi da shi a Things Fall Apart na 1958. A wurin jana'izar dattijo Ezeudu bindigar Okonkwo ta fashe, ƙarfe ya kashe ɗan mamacin. Tsautsayi ne zalla. Amma mai karatu ya riga ya san bindigar, tsohuwa ce mai tsatsa, ya ga ranar da Okonkwo ya harba ta kan matarsa Ekwefi don ta yi wa bindigar ba'a. Ya kuma san garin da dokokinsa: wanda ya zubar da jinin ɗan gari bisa kuskure sai ya yi gudun hijira shekara bakwai. Cikin shekarun nan mishan suka kafu, ɗansa Nwoye ya bi su, ya dawo ya tarar garin ba nasa ba ne. Tsautsayi ɗaya tak, sauran duk halin mutumin da dokar garin ne suka ja shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikin marubuci kuwa tsaga bangon ne tun da wuri, a gaban mai karatu.

Yawan rassa ma ba laifi ba ne in akwai abin da ya ɗaure su. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce labarai ne iri-iri, na sarakuna da ɓarayi da dabbobi, amma tambaya ɗaya ke riƙe da mai karatu: aku zai iya tsare Musa ɗan sarki a gida har gari ya waye, ko zai fita ya faɗa tarkon Waziri? Ke mece ce taki tambayar? In kin kasa faɗinta a jimla ɗaya, nan ciwon yake.

Ki nemi hutun mako guda a wurin masu karatunki, ki gaya musu gyara za ki yi. Wanda ya biya kuɗi ya fi son jin haka da a ci gaba da juya shi. Ki koma shafuka goma na farko ki rubuta abin da kowace kishiya take so da abin da take tsoro. Daga nan duk abin da zai faru ya fito daga ɗayan biyun. Aljanin ki sallame shi a shafi ɗaya, a yi ruƙiyya ya tafi. Mijin ya dawo hayyacinsa, don mutumin da ba ya tuna komai ba ya iya yanke shawara, labarin kishi kuwa ba ya tafiya sai da mijin da za a kama da laifin zaɓinsa. Tagwayen ki riƙe su in har bayyanarsu za ta tilasta wa ɗaya daga cikin matan yin abin da take tsoro. In ba haka ba, ki ajiye su don littafi na gaba.

Ni ce na tsayar da ita

Goggo, ni ba ɗaliba ba ce, ba marubuciya ba. Ƙanwata ta zo mini kwana biyu, ranar da za ta koma na tsayar da ita in ƙulla mata yaji da daddawa. Kafin mu isa tasha motar farko ta cika ta tashi, ta shiga ta biyu. Ita ce tayarta ta fashe a hanya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarta ta karye wuri biyu, har yau da sanda take tafiya. Ɗana da ke jami'a, wai don ya nuna mini abin ba a hannun kowa yake ba, ya ba ni labarin malam-buɗe-littafin da ke jawo guguwa. Tun ranar na daina barci, don ni abin da na ji shi ne ni ce malam-buɗe-littafin. Na kasa zuwa duba ta, waya ma da ƙyar nake ɗauka.

'Yar'uwarki cikin damuwa, Maraɗi

'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Ɗanki rabin labarin ya ba ki. A laccar nan ta 1972, tun a farkonta, Lorenz ya yi gargaɗi biyu. Ya ce in kaɗa fiffike ɗaya na iya jawo guguwa, to haka yana iya hana ta. Ya kuma ce in ɗaya na iya yi, to duk sauran kaɗawar da ya yi kafin nan da bayan nan, da na miliyoyin 'yan'uwansa, da motsin kowace halitta, duk suna iya yi. Ma'ana babu mai iya nuna guda ya ce wannan ne. Mutumin da ya kawo misalin bai kawo shi don a kama mai laifi ba.

Ki tuna safiyar nan. Wani fasinja ya riga ku da minti biyu don bai tsaya karyawa ba. Ɗan kamasho ya cusa mutum ɗaya fiye da ƙa'ida, motar farko ta cika da wuri. Mai babur ɗin da ya kai ku ya bi wannan titi bai bi wancan ba. Abubuwa ɗari irin waɗannan, kowanne da ya sauya da ta shiga wata motar, ko ta zauna a wata kujerar. Kin zaɓi yajin ne don shi kaɗai ne wurin da kika ga kanki. Haka mai ba da labari yake yi: yana tsaye a ƙarshe, ya san abin da ya faru, sai ya juya baya ya zaɓi zare ɗaya ya ce daga nan aka fara. A littafi wannan gwaninta ce, don marubucin ne ya shuka zaren da hannunsa, yana sane. Ke da kike ƙulla yaji ba ki da shafin ƙarshe a hannu. Sau nawa kika tsayar da baƙo don guzuri ya isa gida lafiya? Wa ya sani ko cikin waɗannan akwai wanda jinkirin ya kuɓutar? Ba za ki taɓa ji ba, don abin da bai faru ba ba ya zuwa da labari.

In ma sababi ake nema, ba a ɗakin girkinki yake ba. Minti goma ba sa fasa taya. Taya kan fashe ne don ta tsufa, ko lodi ya yi yawa, ko gudu, ko ramin hanya, kuma waɗannan suna da masu su. Sama da duka akwai abin da kika fi ni sani, abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure, shi ya sa malamai ke hana mu buɗe ƙofar "da na yi kaza da kaza bai faru ba".

Abin da ke damuna yanzu ba ranar hatsarin ba ce, yau ce. Ƙanwarki tana kwance tana ganin yayarta ta ɗauke ƙafa, kuma ita ma tana nan tana haɗa nata labarin kan dalili, wataƙila wanda ya fi naki muni. Ki shirya ki je cikin satin nan. Kada ki shiga da kuka da neman gafara har mai jinya ta koma lallashinki. Ki tambayi ranar da take zuwa gashin ƙafa a asibiti, ki ce ke za ki riƙa raka ta in kina gari, ki karɓi wanki da girkin kwanakin da za ki yi. In maganar ta taso ki faɗa mata abin da ke ranki sau ɗaya, ki saurari amsarta. Rashin barcin kuma in ya ci gaba bayan kin dawo, ki ga likita ki gaya masa tun yaushe ya fara, kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki.